Akwatin da Aka Bayar Sadaka

Mai gadin tsohon siton taba na bakin kogin Nišava ne ya kira 'yan sanda da safiyar Laraba. Ya zo aiki ya tarar da mace kwance a gindin matakala, jakarta na rataye a kafaɗarta.

Sufeto Velimir Ristić ya iso da sigari a baki wanda bai kunna ba. Likita ya hana shi sha, shi kuma ya ƙi rabuwa da shi. Mu mutanen Niš mun san shi da wannan, mun kuma san ba ya son a ja masa zance.

"Faɗowa ta yi?" ya tambayi likitan 'yan sanda.

"Turo ta aka yi. Dubi damtsenta, ga shatin yatsu. Tun jiya da yamma."

Sunanta Desanka Mitić. Saƙo na ƙarshe da ya shigo wayarta ba shi da suna: "Ina da shaidar abin da ake yi da akwatunanku. Ki zo sito da la'asar, ke kaɗai."

Ofishinta yana saman wani gidan burodi, ƙamshin burek, gashin fulawa mai nama a ciki, ya cika matakalar. Can Sufeto ya sami abokin kasuwancinta, Borko Cvetković, mutum mai tsafta, idonsa ja kamar ya yi kuka.

"Waɗanne akwatuna ne waɗannan?"

"Kamfanonin waje suna son shigowa kasuwarmu, Yallaɓai," in ji Borko. "Amma sai sun san yadda ake sayar wa mutanenmu da man girki da takalmi a shagunan intanet. In suka leƙa daga Jamus, wani farashi dabam ake nuna musu, ko a rufe musu ƙofa. To sai mu ajiye ɗan akwati mai na'ura a gidan mutum a ƙauye, a jona shi da layinsa na intanet. Ta tagarsa muke leƙen kasuwa. Shagon sai ya ɗauka mai gidan ne ke taya kaya."

"Masu gidajen sun sani?"

"Sun sa hannu."

"Wa ke iya bi ta akwatunan?"

"Ni da ita kawai." Borko ya juyo masa fuskar kwamfuta. Taswira ce cike da ɗige-ɗige, kowane ɗigo da sunan mai gida a gefensa. "Na ma rage maka aiki. Saƙon ta adireshin imel na ofis ya biyo kafin ya faɗo wayarta, na bi lambar layin da ya turo shi. Gidan Tihomir Zlatković ne, can ƙauyen gindin dutse. Tsohon ya zo nan kwanakin baya yana yi wa Desanka ihu, wai akwatinmu ne ya kashe masa mata. Ina daga ɗakin ciki na ji yana cewa za ta gani."

"To ko wani ne ya bi ta akwatin gidansa ya turo?"

"Ba zai yiwu ba. Desanka ta kashe wannan akwatin tun ranar rigimar, bai sake motsi ba. Wanda ya turo saƙon nan, a cikin gidan yake zaune."

Sufeto ya kwafi lambar, ya ce a tambayi kamfanin layi mai ita. Su kuwa mutanen kamfanin layi ba su taɓa sauri don an mutu ba.

Kafin azahar an kawo Tihomir ofishin 'yan sanda. Dogon tsoho ne, cikin baƙaƙen kaya, gemunsa buzu-buzu domin bai sa reza ba tun rasuwar matarsa Radojka. Ranar Asabar za a yi mata addu'ar arba'in a bakin kabari. Shugaban ofis kuwa ya riga ya yanke: ranar Juma'a a miƙa tsohon ga mai gabatar da ƙara. In aka yi haka, sai dai baƙi su tsaya wa Radojka, domin ba su haihu ba.

"Kawu Tihomir, ka shigo gari jiya?" in ji Sufeto.

"Ban shigo ba."

"Direban bas ya ce ya sauke ka kasuwar Tvrđava."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Alkamar sadaka na je saye, da kyandirorin da ake kunna wa mamaci, don Asabar. Na bi ta ƙofar ofishinsu na tsaya. Ban hau ba. Me zan gaya mata wanda ban gaya mata ba?"

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tsoro, ɗana. Wancan karon da masu kaki suka shigo gidana ban yi ƙarya ba, ga abin da ya biyo baya."

Sai ya ba da labarin. Da bazara wasu jami'ai suka dira gidansa, wai daga layinsa ake damfarar mutane. Suka birkita ɗakuna, ba su sami ko kwamfuta ba, suka tafi. Radojka mai ciwon zuciya ce. Tun ranar ta kwanta, ba ta sake tashi ba.

"Ina akwatin yanzu?"

"Wallahi na ɗauko gatari zan fasa shi. Amma ita ta sa hannu aka kawo shi, kayanta ne. Kayan mamaci ba a fasawa, ba a zubarwa. Bayarwa ake yi don ranta. Keken ɗinkinta, rigar sanyinta, har da shi, duk na rabar. Yarinyar nan Desanka ta rantse mini ta kashe shi, ba zai cuci kowa ba."

"Wa ka ba?"

"Milunka, ƙawarta. Gidan ƙarshe, bayan coci." Ya ɗago ido. "Ɗana, ku yi mini duk abin da za ku yi, amma bayan Asabar. Ba ta da kowa sai ni."

Sufeto bai yi masa alkawari ba. Amma maganar ta tsaya masa a rai, don shi ma ya taɓa tsayawa a bakin kabari shi kaɗai.

Washegari ya hau mota zuwa ƙauyen. Milunka tsohuwa ce, idanunta sun yi yana, ba ta kuma yarda baƙo ya buɗe baki ba sai ya sha cokali guda na 'ya'yan itacen ceri da aka dafa da sukari, da kofin ruwa.

"Inna, an ba ki wani akwati?"

"Wane akwati? Ni ba a ba ni komai ba."

"Kawu Tihomir yana tsare. In ban ga akwatin nan ba, ba zai je kabarin Radojka ba."

Ta ajiye cokalin. Can ta miƙe, ta dafa bango har gaban talabijin, ta ɗage wani saƙaƙƙen farin ƙyalle irin wanda iyayenmu ke lulluɓe duk abin da suke ƙauna da shi. Ga akwatin a ƙarƙashi, koriyar fitilarsa na ƙiftawa.

"Na ɗauka ƙwacewa za ka yi," in ji ta. "Ɗana ne ya jona mini shi da ya zo jana'iza daga Stuttgart, wai zai ƙara wa layin ƙarfi in yana kirana. Ƙarfin me! Ni fitilar nake so. Ita kaɗai idona ke iya gani. Da farko a mace take. Ran nan sai ta farka, na ce to, Radojka, kin zo hira ke nan."

"Yaushe ta farka?"

"Ranar Litinin. Ina tsinkar barkono."

"Kina tura saƙo a waya, inna?"

Ta yi dariya har da tari. "Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba? Kai ɗan sandan nan, matarka na fama!"

Bai fita ƙauyen ba sai ga kira daga ofis. Kamfanin layi ya amsa. Lambar da ta turo saƙon ta gidan Milunka ce. Layin Tihomir kuwa an yanke shi tun makon jana'iza, shi da kansa ya nema.

Ranar Juma'a da hantsi aka zaunar da Borko a ɗakin tambayoyi. Sufeto ya ajiye akwatin a kan tebur, da ƙyallensa, domin Milunka ta ƙi yarda ya fita tsirara.

"Ka ce mini lambar nan ta gidan Tihomir ce."

"Haka ne."

"Ta Milunka ce. Ka san ta?"

"Ban taɓa jin sunan ba."

"Na yarda da kai. Babu abin da ya haɗa sunan Tihomir da layin Milunka a duniyar nan sai akwatin nan. A taswirarka ɗigon yana ɗauke da sunansa har yau, domin ba wanda ya gaya wa kwamfuta an yi sadaka. Wanda ya ga lambar nan a gefen sunan Tihomir, akwatin yana raye ya gan ta. Kai kuma ka ce mini a mace yake."

Borko ya lashi leɓe. "Wataƙila Desanka ce ta kunna shi."

"Ta kunna shi ranar Litinin, ta tura wa kanta saƙo ranar Talata, ta kama damtsenta ta tura kanta? Ku biyu ne ke da mabuɗi, kai ka faɗa. Ɗaya tana ɗakin ajiye gawa." Sufeto ya cire sigarin daga bakinsa. "Yaushe rabonka da taka ƙauyen nan?"

"Ban taɓa zuwa ba. Ita ke zuwa."

"Shi ya sa ba ka san akwatin ya canja gida ba."

Daga nan bai daɗe ba. Ya ce binciken farashi ba ya kawo abin kirki, sai ya fara ba wasu mutanen waje hayar layukan a ɓoye, bai kuma tambaye su abin da suke yi da su ba. Bayan mutuwar Radojka, Desanka ta shiga tono. Ta ce masa da ta sami shaida za ta kai wa hukuma, ko wane ne.

"Na so mu yi magana ne inda ba kowa," in ji shi. "Da ta gan ni a saman matakala ta gane komai. Ta juya za ta tafi, na riƙe ta."

"Mai son magana ba ya shirya wanda zai ɗauki laifi tun ana gobe. Me tsohon ya yi maka?"

"Ba komai. Kowa ya ji ya yi mata ihu. Ɗigonsa ne ya fi dacewa."

Aka sa masa ankwa. Suna fitowa, a kan bencin baranda, Tihomir na zaune yana ɗaura igiyar takalminsa da aka mayar masa, ƙullin alkamarsa a gefe. Borko ya dube shi kamar yadda ake duban baƙo a tashar bas, ya wuce. Bai san fuskarsa ba.

Tsohon ya bi shi da kallo har aka sauka da shi. "Shi ne?"

"Shi ne, kawu. Tashi in kai ka tasha."

Tihomir ya miƙe da ƙyar, ya rungumi ƙullinsa. "Ashe yarinyar nan saboda Radojka ta mutu. Ni kuwa na zage ta a gaban mutane." Ya share ido da bayan hannu. "Ɗana, mu bi ta kasuwa tukuna. Kyandirorin da na saya na mutum ɗaya ne, ita ma sai na kunna mata."