Tsatsar Ƙofar Garejin Bakin Gulbi

Ku matso kusa. Wannan ba labarin da ake ɗaga murya ba ne. Wanda ya san zai yi dariya ya tashi tun yanzu, don mutumin da abin ya faɗa wa yana nan da ransa a Yawuri.

Sunansa Haladu. Mai walda ne, amma an fi saninsa da gyaran ƙofa. Irin ƙofofin nan na ƙarfe da ake turawa sama su naɗe, na shaguna da na gareji. A garin da ke bakin gulbi, mai wannan sana'a ba ya rasa aiki. Da bazara rana takan gasa ƙofa har ta kumbura ta cije a layinta, ba ta saki sai la'asar. Da damina kuwa danshi ne. Yakan taso daga ruwa ya kwanta a jikin ƙarfe, ya ci sakata, ya ci kwaɗo, ya ci sifirin da ke ɗauke da nauyin ƙofar. Idan ƙofa ta yi ƙara a can ƙarshen layi, Haladu yana daga rumfarsa zai ce, "Wannan man giris take so," ko "Wannan sifirinta ya kusa tsinkewa." Kuma in an duba, haka ɗin ne.

Yana da mata, Lantana, mai ɗinki da keke. Yana da amini, Sallau, mai shagon hatsi a kasuwa. Zamansa lafiya lau.

Wata rana da bazara, wata biyar rabon ƙasa da ruwan sama. Rana tsaka. Titi ba kowa, har awaki sun nemi inuwa. Haladu na kishingiɗe a rumfa sai ya ji sallama.

Muryar ce ta fara damunsa. Kamar mutum ya cusa kai cikin randa yana magana.

Ya ɗago. Tsoho ne dogo, da riga mai ruwan ƙasa.

"Kai ne mai ƙofa?"

"Ni ne, Baba. Sannu da rana."

"Tawa ta ƙi rufuwa."

"A ina take?"

"Bakin gulbi. Bayan mangwarori."

Haladu ya san gidan. Wani ɗan kasuwa ne ya gina shi, ya tashi da iyalinsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tun daga nan ba a sake ganin hayaƙi a cikinsa ba.

"Ashe da mutane a gidan, Baba?"

"Akwai."

"To a bari rana ta yi sanyi mana. Yanzu ƙarfe a kumbure yake."

"Tawa ba ta kumbura ba."

Ya so ya ƙi. Amma tsoho ne ya tako cikin wannan rana, sai ya ji nauyinsa. Ya ɗauki jakar kayan aiki da sabon sifirin guda, ya ɗaure a bayan babur.

"Hau in kai ka, Baba."

"Je ka. Za ka same ni."

Yana tayar da babur idonsa ya sauka ƙasa. Inda tsohon ya tsaya, sawu biyu ne jiƙaƙƙu, kamar wanda ya fito daga ruwa yanzun nan. Haladu ya ce a ransa, alwala ya yi. Ya ja babur.

Bai tsaya ko'ina a hanya ba. Amma da ya isa, tsohon na zaune a ƙofar garejin, ya miƙe ƙafa. Ƙasar da ke ƙarƙashin dugadugansa ta yi baƙi da ruwa.

Haladu bai tambaya ba. Ya mai da idonsa kan ƙofar.

Ta sauko zuwa daidai ƙugu ta tsaya. Tsatsa ta ci ta, ja wur, tana ɓarewa kamar ɓawon itace. Ciyawar gidan duk ta bushe ta yi fari, amma bakin ƙofar gansakuka ce kore shar. Ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen. A irin wannan rana ya kamata ya ƙone shi. Sanyi ya ji. Kuma ruwa na tsattsafowa, yana gangarowa ɗigo-ɗigo.

"Rijiya ce a ciki, Baba?"

"Yi aikinka."

Ya yi. Ya zuba kananzir a layukan biyu, ya kankare da burushin ƙarfe, ya daddaka inda ya lanƙwashe, ya cika su da giris. Ya ja ƙofar. Ko motsi.

"Sifirin ne ya mutu. Yana sama, ta ciki. Sai na shiga."

Tsohon ya janye ƙafafunsa daga hanya.

"Shiga. Ka dubi ƙofa. Ƙofa kawai."

Haladu ya sunkuya ya shiga. Ƙafarsa ta nutse cikin ruwa har idon sawu. Warin laka ya cika masa hanci, irin na gindin gulbi idan an jawo kwalekwale. Da gefen ido ya hango wani abu babba a bayansa, siffar mota. Bai juya ba. Ya jawo wani tsohon durom ya hau, ya juya wa duhun baya, ya fara kwance notuna.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Ya cire na farko. Ya cire na biyu.

Sai ya ji numfashi. Ba na mutum ɗaya ba.

Ya kama Ayatul Kursiyyu, harshensa ya harɗe, ya koma farko, ya sake harɗewa. Ya zare mataccen sifirin, ya zura sabon.

A bayansa aka fara sauke gilashin mota. Sannu a hankali. Ƙiii.

Muryar mace ta ce, "Ya gama?"

Wata ta amsa, kusa da ƙeyarsa, "Saura kaɗan."

Haladu bai san yadda ya ɗaure notin ƙarshe ba. Yana sakin sifana ƙofar ta motsa da kanta. Ba ƙara. Tana saukowa sumul, hasken waje na ƙanƙancewa. Ya diro daga kan durom, ya faɗa cikin ruwan, ya mirgina ta ƙarƙashinta. Ƙarfen ya goge masa kafaɗa. Ta haɗe da ƙasa.

Jakarsa da duk kayan aikinsa suna ciki.

Tsohon na tsaye a kansa.

"Ta rufu," in ji shi. "Rana ta daɗe tana shigo mana."

Haladu ya miƙe yana haki. "A bar shi, Baba. Ba sai an ba ni komai ba."

"Ba ma barin aiki haka."

Ya miƙo hannu. Haladu ya so ya ja da baya, ƙafarsa ta ƙi. Tsohon ya kama hannunsa na dama ya riƙe. Sanyi ya haura daga yatsu har gwiwar hannu.

"Ka sauke wa ƙofarmu ciwonta. Tafi da shi."

Bai faɗa wa kowa ba. Ya shiga gida ya yi wanka, ya kwanta da zazzaɓi.

Washegari ya ga makullin babur ɗinsa ya yi ja. Ya ce gumi ne. Tafin hannunsa kuwa ya ƙi bushewa. Ya goge da tsumma, ya shanya a rana, ya shafa toka. Da ya buɗe sai ya ga ruwa ya sake tsattsafowa.

A kwana na uku Sallau ya aiko, ƙofar shagonsa na yi masa nauyi. Haladu ya ari kayan aiki, ya sayi sabon sifirin a cikin ledarsa, ya je ya sa. Suka sha fura tare, ya tafi.

Bayan kwana huɗu, da safe, Sallau ya ɗaga ƙofar ya sunkuya zai jawo buhun gero. Sifirin ya tsinke. Ƙofar ta sauko gaba ɗaya a kan bayansa.

Da aka ciro sifirin, yana marmashewa a hannu kamar busasshen ganye. 'Yan kasuwa suka ce Haladu tsohon sifirin ya sa, ya ce sabo ne.

Haladu ya je ya sami Sallau kwance a tabarma, ƙafafunsa ba sa jin komai. Sallau ya sallami mutanen ɗakin.

"Ni na ga lokacin da ka yage ledar, Haladu. Sabo ne."

"Sabo ne."

"To me ke hannunka?"

Haladu ya buɗe tafin. Ruwa na taruwa a tsakiya, mai launin ja. Suka zuba masa ido su biyu. Daga nan ya ba shi labarin duka. Sallau ya juya fuska wajen bango.

"Allah ya sa iyakarta ke nan," ya ce.

Sallau bai sake takawa ba.

Injin waldar Haladu ya mutu a mako na biyu. Babur ya bi shi. Ranar da aka yi ruwan farko, ɗaki ya fara yoyo daidai kan keken ɗinkin Lantana, ita kuma tana maƙwabta. Ya manta da hannunsa. Ya ɗaga keken ya matsar da shi gefe. Kafin Juma'a ƙafar keken ta cije, allura ta narke a mazauninta.

Lantana ta zauna a gabansa tana kallo. Keken da mahaifinta ya bar mata ne.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba, "don Allah kar ka ƙara taɓa min komai."

Da yamma ta kawo masa tuwo a akushi, da ruwa a ƙwarya. Idonta ya kumbura. Tun daga ranar bai sake cin abinci a kwanon ƙarfe ba.

An yi rubutu ya sha. An yi masa turare. An kai shi wajen masu ruƙiyya har gari uku. A asibiti aka ce gumi ne ya yi masa yawa, aka ba shi hoda. Hannun bai bushe ba.

Da damina ta yi tsakiya, ya koma bakin gulbi da ƙafa, shi kaɗai. A lokacin duk ƙofar da ke Yawuri kuka take, danshi ya kama ta. Ya ratsa mangwarorin ya tsaya.

Ƙofar garejin na ƙyalli. Fara tas, kamar ranar aka fito da ita daga kamfani.

Ya ƙwanƙwasa da hannun hagu.

"Baba."

Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Baba, na tuba. Ka karɓi abinka."

Muryar ta fito daga ciki, can ƙasa-ƙasa. "Ba a mayarwa."

"Na nakasa aminina. Gidana ba abinci."

"Ba a mayarwa. Ana miƙawa."

"Ga wa?"

"Mai sana'a irin taka. Kawo shi nan da rana tsaka. Ku gaisa a bakin ƙofar nan. Shi ke nan."

Ya yi ta kira. Ba a sake amsa masa ba.

Ya faɗa wa Lantana a tsakar gida, tana tankaɗe. Ta ajiye rariya.

"Akwai Mudi," ta ce a hankali. Mudi mai walda ne, wanda duk masu ba Haladu aiki suka koma wajensa. Shi ne kuma ya fi kowa yaɗa maganar tsohon sifirin.

"'Ya'yansa shida, Lantana."

"Ban ce ka yi ba."

"Kin faɗi sunansa."

"Kai ma shi ka fara tunawa, Malam. Na gani a fuskarka."

Bai musa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Bai kai Mudi ba. Bai kai kowa ba. Shekara bakwai ke nan. Yana zama a bakin kasuwa yana sayar da igiya da faifai da tabarmar kaba, abin da ba ƙusa a jikinsa. Lantana na suyar ƙosai a ƙofar gida, shi kuma ba ya zuwa kusa da kaskon. Duk Juma'a yakan je wajen Sallau, su zauna, wani lokaci har ya tashi ba wanda ya yi magana. Abin kuma bai tsaya a tafin hannu ba. Kowace damina sai ya haura kaɗan. Yatsun suka fara sandarewa, sannan wuyan hannu, sannan gwiwar hannu. Idan hadari ya haɗu, na kusa da shi sukan ji gaɓoɓinsa na ƙara.

Watan jiya na je Yawuri, na tsaya wajensa sayen igiya. Hannun ya ƙage har kafaɗa, wuyansa ma ba ya juyawa sosai. Ya gane ni. Muka gaisa daga nesa.

Ina shirin tafiya ya ce, "An ce Tanimu, ɗan baffanka, ya buɗe shagon walda?"

Na ce haka ne.

"Har ƙofofi yana yi?"

Na ce yana yi, kuma hannunsa na da kyau.

Na ga idonsa ya ciko. Kamar magana biyu ke kokawa a bakinsa.

"Ka faɗa masa," ya ce, "in na zo nemansa, a ce min ba ya nan. Ko na yi kuka. Ko na haɗa shi da Allah." Ya dubi hannun. "Na gaji, ɗan'uwa. Ban san ranar da zan kasa ba."

To, Tanimu, ga ka zaune, ka ji da kunnenka, na sauke saƙo. Kowa ya kira ka bakin gulbi da rana tsaka, kar ka bi hanyar nan kai kaɗai, ko uban waye. In kuwa wata rana ka ga wani bawan Allah mai sandararren hannu tsaye a ƙofar shagonka, ka amsa sallamarsa, ka ba shi ruwa a ƙwarya, ka yi masa addu'a. Hannunka dai ya zauna cikin aljihu.