Wanda Ya Tsaya Ya Gani

A kasuwar Aujara Maharazu ya fara ganin Zinariya, a shekarun da Nasara ba su daɗe da zuwa ba, lokacin da jaki ne abin hawan kowa. Daddawa take sayarwa. Ya tsaya a gabanta yana ta kallonta.

"Malam ƙarami, saye ka zo yi ko kallo?" ta ce tana dariya.

Bai kai ga amsawa ba idanunta suka kafe, ta faɗi tana karkarwa, kumfa na fita daga bakinta. Nan da nan wurin ya dare, don a wancan zamani kowa ya yarda wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa ya ɗauka. Gwadabe, saurayin da ke ta cika baki a kanta, har takalminsa ya bari. Maharazu kuwa ƙafarsa ta ƙi gudu. Ya durƙusa ya tallafe mata kai har ta lafa.

Tun daga nan kowace ranar kasuwa sai ya taso daga Dutse.

"In tausayi ne ya kawo ka, koma," ta ce masa a ƙofar gidansu. "Na ƙoshi da shi."

"Dariyar nan na biyo, Zinariyata. Tun ranar ban sake fahimtar karatu ba."

Ta rufe fuska da gyale. Ai kuwa zance ya zauna.

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa, Malam Ɗanmusa, ya ce atafau. "Gidana gidan karatu ne, yara na shiga suna fita. Ban ƙi yarinyar ba, ciwon nake tsoro." Gwadabe kuma ya shiga baza cewa iska ce ta aure ta.

Bayan girbi iyayenta suka shirya kai ta Kano wurin likitan Nasara. Maharazu ya raka su da sunan ya san hanya. Likitan ya duba ta, sannan ya tambaya ta bakin tafinta, "Wa ya taɓa ganin faɗuwarta daga farko har ƙarshe?"

Mahaifiyarta, Iya Adama, ta fashe da kuka. Shekara da shekaru, da abin ya zo sai ta ja yara ta fice tana salati.

"Ni na gani," in ji Maharazu.

Ya faɗi yadda ido ke kafewa, hannun dama ya fara rawa, sannan barci mai nauyi ya biyo. A hankali yake magana, ba ƙyama ko kaɗan. A ranar ce Zinariya ta fara jin yadda take in ta faɗi, kuma daga bakin mai sonta. Hawaye ya zubo mata, amma na daɗi.

Likita ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa. Ya ba da wani ruwan magani mai gishiri-gishiri, ya ce zai rage faɗuwar ko da bai raba ta da ita ba. In ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata komai a baki, a kuma kiyaye ta daga wuta da rijiya.

Maharazu ya kwashe duka ya gaya wa mahaifinsa. Malam ya ci gaba da jan carbinsa kamar bai ji ba. Zuciyar saurayin ta karye, har abinci ya fita ransa.

Wata safiya ya ji motsi a bayan ɗakinsa. Ya leƙa, sai ga Malam da kansa, ya naɗe hannun riga yana kwaɓa ƙasa, yana tayar da ɗan gini kewaye da murhu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Miƙo ruwa, ka tsaya kana kallona. Surukata ba za ta faɗa wuta a gidana ba."

Kafin azumi aka ɗaura aure, Malam ne ya yi addu'a. Allah Ya jiƙan mutanen da, Ya ba kowa mai tsaya masa.