Zobe a Kan Injin Ƙyanƙyasa

Auta ta zare zoben baikonta ta ajiye a kan injin ƙyanƙyasar ƙwai.

"Kai ka juya min bidiyon?"

Sarkin Shiru, kamar yadda ake kiransa a ɗakin binciken, ya dube ta ya dubi zoben.

"Haka kika ɗauke ni, Autata?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya cire farar rigarsa ya fita. Mutum ne da ko gobara ta kama shi sai ya gama tunani kafin ya yi ihu.

Aikin Auta shi ne ta huda ƴar taga a jikin ƙwan kaza, ta kalli yadda jijiyoyin jini ke tsirowa a jikin ɗan tsako tun bai zama tsako ba. Shi kuma ya haɗa mata kyamara a kan madubin duba ƙananan halittu, ta yi ta ɗauka. Da bidiyon ya fito, sai ga ƙwayoyin halittar da ke gina bangon jijiya suna rarrafe suna tunkarar inda jini ke fitowa. Ita kuwa duk lissafinta a kan bin jinin za su yi. Ina aka taɓa ganin kara ya haura kogi?

Nan wata abokiyar aikinta ta samu ƙofa. Ita ma ta daɗe tana yi wa Sarkin Shiru kallon ƙasan ido. Ta raɗa wa Auta cewa baya da gaba ya mayar da bidiyon, don aikin ya lalace, tafiyarta ƙarin karatu ta fasa, ta zauna masa. Da labari ya kai gida, Yaya babba ya ce dama shi bai taɓa yarda da mutumin da ba a jin cikinsa ba, a mayar masa da kayansa.

Auta ta rasa na kamawa. Tana sonsa, wannan ba ta musu. Amma in ba shi ba, to wa? Ta kalli bidiyon har idonta ya yi ja, kullum hoton a matse kan jijiya guda.

Da yammar ranar da ta cire zoben, za ta goge bidiyon, yatsanta ya goce, hoton ya buɗe gaba ɗaya.

Ta tsaya cak...

Ɗan tsakon girma yake yi. Kansa na cika, reshen jijiya na ƙaruwa. Da an juya bidiyon, ai ƙanƙancewa zai yi! Ashe ƙwayoyin ne da kansu ke haura jini, suna barin siraran hanyoyi suna taruwa inda gudu ya fi ƙarfi. Amsar da take nema tun farko ce ta zo mata, ta kira ta ƙarya, ta haɗa da mai kyamarar.

Kunya ta rufe ta. Ta suri zoben ta fita.

Lokacin tashi ne, ma'aikata na ta saukowa daga bene, ita kaɗai ke kutsawa sama tana ba da haƙuri. Ta same shi yana kulle ofis.

"Girma yake yi," ta ce tana haki. "Ɗan tsakon... Ka yafe min."

"Na gani tun ranar da bidiyon ya fito."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ba ki tambaye ni me na gani ba. Kin tambaye ni me na yi."

Hawaye ya zubo mata. Ya daɗe yana kallon tafin hannunta kafin ya ɗauki zoben.

"Yaya kuma ke za ki yi wa bayani," ya ce. "Miƙo yatsan."