Gawa a Ɗakin Ƙasa na Gidan Pechek

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda, wani gida ya fashe a unguwar Bessemer ta garin Pueblo. Kafin Sufeto Maestas ya ratsa dusar ƙanƙara ya isa, 'yan kwana-kwana sun kashe wutar. Gawa ɗaya suka fito da ita daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa: Eloy Sandoval, mai facin taya, ɗan haya a gidan.

Kofur Dunlap ya tari Sufeto a matakala.

"Irin ta kullum ce, yallaɓai. Mai tatsar man wiwi da gas ya gasa kansa. Ga gwangwanayensa can."

Sufeto ya sauka. Gado ya zama ƙarfe, talabijin ta narke, tukunyar ɗumama ruwa ta tsage. A ƙarƙashin 'yar tagar da ke kallon tsakar gida, gwangwanayen gas ne zube a kan toka. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

"Karanta min rubutun jikinsa."

"Ai ga shi tsaf, yallaɓai."

"Wutar da ta narkar da talabijin ta ji kunyar fenti? Ta tagar nan aka jefo su, bayan wuta ta mutu."

Masu gidan suna barandar maƙwabta. Stan Pechek, tsohon ma'aikacin ƙarfe, yana cikin keken guragu lulluɓe da bargo. 'Yarsa Jolene na tsaye a bayansa, hannayenta a kafaɗunsa.

"Baba, ka san ɗan hayarka na tatsar man wiwi?" Sufeto ya tambayi tsohon.

"Ni da rabona da matakala tun kana ɗan kurtu? Abin da na sani, yana satar min kofi."

"Ke fa, baiwar Allah?"

"Ina jin wari wani lokaci," in ji Jolene. "Na yi masa magana, bai ji ba."

Tsohon ya zaro 'yar na'ura mai kamar biro ya zuƙa, siririn tururi ya fito.

"Kada ka zare min ido, ɗan sanda. Wannan halas ne a jihar nan. Ciwon daji na cin ƙashina, huhuna ba ya ɗaukar hayaƙi. In babu tururin nan, ihuna har ofishinku za ku ji."

"Ina kake samun man?"

"Shago," in ji Jolene da sauri.

"In ga kwalbar."

Ta yi jinkiri kafin ta ciro ta daga aljihun keken. 'Yar kwalba ce ta abincin jarirai, rabinta wani abu mai kauri kamar zuma. Babu tambarin hukuma da kowane shago ke liƙawa.

"Na juye ne," ta ce. "Murfin ta shago na ba shi wahala."

Sufeto ya koma gidan, ya shiga kicin. Sanyi ya buge shi. Tagogi duka a wangale, an tokare su da cokulan katako. Miyar koren barkono ta daskare a tukunya. A saman firji an ɗora fanka tana fuskantar taga.

"Mutanenmu ne suka buɗe?"

"A'a, yallaɓai. Haka suka tarar," in ji Kofur Dunlap.

"Wa ke wangale taga a tsakiyar Disamba da marar lafiya a gida?"

Ya durƙusa. Ƙofar da ke gangarawa ɗakin ƙasa tana da rata a gindinta, tafin hannunsa ya shige.

Ya sa aka ɗauko tsohon da kekensa, Jolene na biye. Ya tsayar da su a bakin kicin.

"A nan aka yi aikin tatsar. An buɗe tagogi, an kunna fanka a sama, don ana zaton gas hayaƙi ne, zai tashi ya fita. Ba ya tashi. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi kamar ruwa. Ya bi ta ratar nan ya sauka matakala, ya taru a ɗakin Eloy har ya kai ga 'yar wutar da ke ci kullum a gindin tukunyar ɗumama ruwa."

"Ni ne," in ji tsohon.

"Baba!"

"Rufe min baki, yarinya. Ni na yi, ni na jefa gwangwanayen. Kawo ankwarka, ɗan sanda. Gidan yari ko gadon asibiti, ai duk kwanciya ce."

Sufeto ya ɗora masa kwalbar a cinya.

"Buɗe min."

Tsohon ya kama murfin. Yatsunsa suka zame. Ya sake kamawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, kwalbar ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya yi ashar, ya kai hannu zai bi ta, keken ya karkata. Jolene ta tare shi da jikinta.

"Ya isa, Baba. Don Allah ya isa."

Ba ta yi kuka ba. Magana take kamar mai karanta sakamakon asibiti.

"Na shago ya fi ƙarfinmu, sai na shuka namu. A tsakar gida nake tatsa, kowa ya san a waje ake yi. Watan jiya ina waje Baba ya faɗo daga gado, na shigo na same shi cikin jini. Na ce ba zan sake barinsa inda ba na ganinsa ba, sai na shigo da aikin kicin. Na buɗe komai. Wallahi na buɗe komai."

"Kin san Eloy na ƙasa?"

"Shi ya ce in yi abina, zai ɗan kwanta. Shi ke taya ni ɗaga Baba in za a yi masa wanka."

"Shi ne kika jefa masa gwangwanaye."

"Ya riga ya mutu, yallaɓai. Shi kuwa wannan yana da rai, kuma ba shi da kowa sai ni. In ka tafi da ni wa zai juya shi? Kai?"

"An kira ma'aikatan jin ƙai. Za a ba shi gado."

"Gado," in ji tsohon. "Da ƙwayoyin da ke sa ni ganin matattu."

Kofur ya matso da ankwa. Jolene ta miƙa hannu ba gardama, amma idonta na kan Sufeto.

"Gaya musu ba ya kwanciya a ɓangaren dama, ƙashin nan ya ruɓe. In ya ce ya ci abinci, ƙarya yake. In ya zage su, ciwo ne, ba hali ba."

"Ƙarya take, hali ne," in ji tsohon.

Aka fita da ita. Tsohon ya tura kekensa da ƙyar har bakin ƙofa, inda matakala ta tsayar da shi.

"Ni ne na yi!" ya ɗaga murya. "Kurame ne ku? Na ce ni ne!"

Motar ta karya kwana. Sufeto ya gyara masa bargon, ya tsaya kusa da shi suna jiran mutanen da ba su san ta wane ɓangare yake kwanciya ba.