Ƙullin Akwatin Hankaka

Rahoton da ya iso ofis da safe gajere ne: an sace Hankaka a gidan Malam Tokuoka.

"Tsuntsu kuma?" in ji Sufeto Kuramochi. "Mu za a kira don tsuntsu?"

"Kwanon shayi ne, Yallaɓai," in ji Saje Nitta. "Sunansa ke nan. Baƙi ne, ya girmi kakan kakanka, kuɗinsa zai sayi gida a tsakiyar Kyoto."

Sufeto ya zari kwat ɗinsa. Tun da likita ya raba shi da taba ya zama mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Tsinken ashana yake tauna, in ya ƙare ya ɗauki wani.

Sun tarar da tsohon malamin shayin a durƙushe kan tabarma, ƙaramin akwatin katako a gabansa, ɗaure tsaf da igiyar saƙa. Sufeto ya gwada durƙusawa, gwiwarsa ta ƙi, ya miƙe ya hau zagaye ɗakin.

"Malam, akwatin nan ai a ɗaure yake. Wa ya ce maka babu kwano a ciki?"

"Hannuna. Idona ya mutu, amma na san nauyin Hankaka kamar yadda ka san na takalminka."

Saje ya ɗauki hoton akwatin, ya sa safar hannu ya kwance. Ba kwano, ba jakar alharinin da ake sa shi a ciki.

"Su wa suka gan shi jiya?"

"Baƙi biyu na gayyata shan shayi. Likita Sakaki, abokina tun muna samari, da Hyodo dillalin kayan tarihi. Na fito da Hankaka suka kalla, aka mayar."

"Ba a sha a cikinsa ba?"

Tsohon ya ɗaure fuska. "Ba a shan shayi a Hankaka. Kallonsa ake yi."

"Wa ya mayar da shi?"

"Fumie, ɗalibata. Ita ta ɗaure, ita ta kai ɗakin baya, ita kaɗai ke shiga can. Da yamma ɗalibaina za su taru, zan kore ta a gabansu. Kai dai ka karɓo mini kwanona."

"Ka jira in gama bincike."

"Zan jira zuwa yamma."

Fumie tana ɗakin baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Mace ce da ta haura arba'in, ta ƙarar da ƙuruciyarta a hidimar gidan, kuma a bana ne aka ce za a ba ta izinin koyarwa. In aka kore ta da sunan sata, babu ɗakin shayin da zai sake buɗe mata ƙofa a garin.

"Yaushe kika ajiye akwatin?"

"Da farkon hutun tsakiya, lokacin da baƙi suka fita lambu. Malam yana ciki yana gyara wuta."

"Kin bar ɗakin nan?"

"A'a."

Sufeto ya leƙa kwandon gawayi, ya ga a cike yake. "A ina kuke ajiye gawayi?"

"A rumbu, bayan gida."

"Wa ya ɗebo wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce. Na manta ban cika shi da safe ba. Ban so Malam ya sani, shi ya sa na ce ban fita ba."

"Ana zarginki da sata, ke kina ɓoye gawayi." Ya tofar da tsinken a tafin hannunsa. "Kada ki je ko'ina."

A mota Saje ya ce ya kira Likita Sakaki a waya. Likitan ya ce shi da dillali suna zaune kan bencin lambu har aka buga ƙararrawar komawa, babu wanda ya motsa.

Shagon Hyodo yana wani lungu da mota ba ta shiga. Mutum ne mai tumbi da murmushin da ba ya gajiya.

"Yallaɓai da kansa. Ka zo sayen wani abu ne ko kama ni?"

"Ya danganta. A ina kake lokacin hutu?"

"Kan benci, ni da Likita, muna kallon gansakuka kamar mutanen kirki."

Sufeto ya matso ya shaƙi iska kusa da wuyan rigarsa. "Kana shan taba kwali biyu a rana, na san warin. Mutum irinka ya durƙusa tun hantsi, a ba shi hutu, ya zauna kallon gansakuka?"

Hyodo ya yi dariya. "To, na zagaya bayan katanga na ja kara ɗaya. Kada ka gaya wa Malam, zai ce na ɓata masa ƙamshin turare."

"Ko ka zagaya ɗakin baya, ka ɗauke kwanon ka bar akwatin."

"In ɗauki kwano in bar akwati? Haba Yallaɓai, kada ka zage ni a sana'ata. A jikin murfinsa aka rubuta sunan kwanon da hannuwan da ya ratsa. In babu shi, Hankaka kaskon baƙar laka ne, ko kuɗin abincin rana ba zan samu ba. Wanda ya bar akwatin nan ba sayarwa zai yi ba."

Saje ya nuna masa hoton a waya don ya tabbatar shi ne akwatin. Dillalin ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, murmushinsa ya ragu.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Fumie."

"Ƙarya ne. Gidan Tokuoka ta kusurwar hagu suke fara ɗora igiya, tun kakanninsu. Wannan ta dama aka ɗora, ɗaurin ɗaya gidan koyar da shayin ke nan. Fumie ko a mafarki ba za ta yi shi ba."

"Kai fa?"

"Ni ɗan kasuwa ne, ina ɗaure wa kowa yadda yake so. Da ni ne, da na yi na hagu."

"Likita?"

"Shi ai ɗan gidan Tokuoka ne tun kafin a haifi Sajenka." Ya sosa haɓa. "Sai dai marigayiya mahaifiyarsa. Ita a ɗaya gidan ta yi karatu."

Rana ta fara karkata lokacin da suka biya suka ɗauki Fumie da akwatin. Sufeto ya ce ta jira a mota tare da Saje. Ya shiga gidan likitan shi kaɗai, akwatin a hammatarsa.

Likita Sakaki tsohon likitan haƙori ne, siriri, mai tsabta har ta yi yawa. Ya karɓi Sufeto a falo, ya ce abin ya girgiza shi, ya ce yarinyar ta ba shi tausayi.

"Ka ce kuna tare da Hyodo a benci."

"Haka ne."

"Shi ya ce ya je shan taba."

"Wataƙila ya ɗan tashi. Tsufa, Sufeto, ba komai nake riƙewa ba."

"Ka taɓa akwatin nan jiya?"

"Ban kusance shi ba."

Sufeto ya dire akwatin kan tebur, ya buɗe ya nuna masa cikinsa, ya mayar da murfin a karkace. Ya kama igiyar ya murɗa ta, ya yi mata ƙulli biyu irin na buhun shara, ya ja da ƙarfi har katakon ya yi ƙara. Yana yi yana zuba tambayoyin banza, wace mota ya hau, me aka ci, ƙarfe nawa ya iso gida.

Likita yana amsawa, amma idonsa na kan igiyar. Yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Sufeto ya ƙara ƙulli na uku.

"Kawo nan, don Allah. Za ka kashe igiyar."

Ya fizge akwatin. Yana ci gaba da bayanin motar da ya hau, hannunsa ya warware ƙullin, ya gyara murfin, ya shafe igiyar ta kwanta, ya ɗaure cikin ƙiftawar ido. Ɗauri mai kyau, kunnuwa biyu daidai wa daida.

Sufeto ya ajiye wayarsa kusa da akwatin, hoton safe a buɗe.

"Ta dama, Likita. Duka biyun."

Tsohon ya dubi hoton, ya dubi hannuwansa.

"A gaban Tokuoka kullum sai na tuna in yi ta hagu," ya ce a hankali. "In ina sauri, hannun uwata ke fitowa."

"Me ya hana ka bar shi a kwance ka gudu?"

"A bar akwati a kwance?" Ya dubi Sufeto kamar ya yi saɓo.

Ya tashi ya ja ƙofar ƙaramin ɗakinsa na shayi. Hankaka yana kan wani farin ƙyalle kusa da taga, baƙi wuluk, cikinsa da sauran danshi.

"Da Fumie ta fita ɗebo gawayi na shiga na ɗauke, a jakata na sa shi, a ɗakin jira. Tun muna da baƙin gashi nake roƙonsa ya bar ni in sha sau ɗaya, yana cewa baɗi. An gina kwanon nan don a sha ne, shi ya mayar da shi gawa a akwati. Na ce in sha in mayar kafin ya lura."

"Ka san Fumie za a kora yau?"

"Na sani tun da Sajenka ya kira."

"Ka kuma yi shiru."

"Na yi shiru. Na sake dama wani shayin na sha."

Sufeto ya leƙa waje ya yi wa Saje hannu. Fumie ta shigo, ta durƙusa gaban kwanon, ta ɗaga shi kaɗan da hannu biyu ta duba gindinsa. Ta ce shi ne. Ba ta kalli Likita ba, ko da ya sunkuya mata har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

Sufeto ya kira Malam Tokuoka, ya gaya masa an samu kwano, ya gaya masa a hannun wa.

Malam ya tambaya, "Ya sha a ciki?"

"Sau biyu. Taron yamma yana nan?"

"Yana nan."

"To ka nemi abin da za ka gaya wa Fumie a gabansu. Zan tsaya a bakin ƙofa in ji."

Saje ya kama hannun Likita. Sufeto ya jawo akwatin zai sa kwanon, sai tsohon ya ja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kada ka rufe shi. Bai bushe ba, zai yi wari."

"Gaskiya ne, Yallaɓai," in ji Fumie. "Sai ya sha iska kwana da kwanaki."

"To ke riƙe."

"Hannuna rawa yake yi."

Haka aka fita da Likita Sakaki, Saje na tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Sufeto Kuramochi yana gaba, Hankaka a tafukansa biyu a kan cinya, tsinken ashana a bakinsa bai tauna ba. Har suka isa ƙofar gidan Tokuoka ko ƙafa bai girgiza ba.