Gungumen Rufin Zauren Masu Jirgi

Kafin a gina zauren ƙungiyar masu jirgin ruwa na garin Foshan da ke bakin kogi, rumfar gora ce a wurin. A cikinta suke yanka zakara, su ɗiga jini a giya, su rantse sun zama 'yan'uwa. Shugabansu, Tsui Man-hong, shi ne rumfar ta yi wa kaɗan. So yake duk silikin da ke bin kogin ya bi ta hannunsa.

Sai ya je wurin tsoho Pun, kafintan akwatin gawa, kuma boka. A bayan shagon akwai gunkin katako marar fuska, ya yi baƙi da hayaƙin turare, busasshen jini ya daskare a ƙafafunsa.

"Baba, zaure nake so wanda zai jawo arziki."

"Zai jawo," in ji Pun. "Amma rufin da zan ɗora ba ginshiƙi ne zai ɗauke shi ba. Wuyan duk wanda ya kira ka yaya ne."

Tsui ya yi dariya. "Haba Baba, mu da dako ne abincinmu?"

Pun ya ɗauko guntun itace. Ya sassaƙa ɗan mutum-mutumi a durƙushe, ya sa Tsui ya tofa masa yawu, ya cusa shi cikin gungumen rufi, ya naɗe da jan ƙyalle.

Zaure ya tashi: jajayen ginshiƙai, koren rufi mai lanƙwasasshen baki, zakunan dutse a ƙofa. Jirage suka yawaita, fatake suna layi.

Daga nan wuyan mutane ya fara sunkuyawa. Mai tuƙin jirginsa ya faɗi a tsakar zaure, ƙashin baya a karye, ba abin da ya taɓa shi. Wasu suka bi. Ƙanwarsa Siu-ling, wadda ko rantsuwar ba ta yi ba, ta haukace, tana yawo hannuwa a sama tana kuka: "Yaya, karɓe ni, na gaji!"

Tsui ya koma wurin Pun a guje.

"A sauke gungumen!"

"Ka sauke, ya faɗo musu gaba ɗaya."

Tsui ya tara sauran 'yan ƙungiyar, ya zage su, ya kore su, ya roƙe su su daina kiransa yaya. Wani tsoho da haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji ya ce, "Mun sha jini tare, Babban Yaya. Ina za mu je mu bar ka?"

Haka ya binne su ɗaya bayan ɗaya, shi wuyansa a miƙe. A ƙarshe jiragen suka ruɓe a bakin gaɓa, ya tsufa yana sharar zauren shi kaɗai, ba mai amsa gaisuwarsa.

Kai mai kwaɗayi, idan boka ya faɗa maka farashi ka ji ya yi sauƙi, tashi ka gudu. Masu ƙaunarka ne za su biya, kana kallo.