Muryar da Ba a Cire Ba

Delvene ta zare wayar majigi ana tsakiyar nuna fim ɗin.

Allo ya mutu. Muryar da ke fita daga lasifika ta yanke a tsakiyar magana. Ɗaliban da suka cika ɗakin kallo na makarantar koyon fim a Darwin duk suka waiwayo.

Babu abin da ake ji sai kukan Gwaggo Mavis. Tana kujerar gaba, ta ja tawul ta rufe kanta, tana dukan ƙirjinta.

Muryar ta mahaifinta ce, kakan Delvene. Bai daɗe a ƙasa ba. Mu 'yan ƙabilar Warlpiri idan namu ya rasu ajiye shi muke yi: sunansa, hotonsa, muryarsa, sai ranar da dangi suka ce a buɗe. Ko mai suna irin nasa sai ya ajiye sunan, a koma kiransa Kumanjayi.

Manoli, saurayinta, ya taso daga bayan kwamfuta, gumi ya jiƙa masa riga.

"Del... tsaya. Na cire fuskar. Duk inda ya fito na rufe da dutse da hanya da dawakai. Ba a gan shi ba ko sau ɗaya."

"Muryar wa muka ji?"

"Bronte ta ce fuska ce kawai ba a..."

"Ni na ce maka ka rufe shi. Ka ce min yau fim ɗin tsuntsaye za ka nuna, wanda muka yi bara. Shi ya sa na kawo ta."

"So na yi in ba ki mamaki. In nuna miki aikinki bai tafi a banza ba."

"Ka ba ni."

Bronte, wadda ke riƙe da harkar shirye-shiryen fim ɗin, ta miƙe tana gyara gashinta.

"An sa gargaɗi a farko fa, Delvene. Da manyan baƙaƙe. Haka gidajen talabijin ke yi."

"Gwaggona aikin ido ta zo yi garin nan. Ba ta ganin baƙaƙenki. Kunnenta kuwa lafiya lau."

Delvene ta kama hannun tsohuwar, suka fita. Manoli ya biyo su har bakin ƙofa. Ba ta waiwaya ba.

Ba haka suka fara ba.

Manoli ɗan Girkawan Darwin ne, gidansu magina, shi kaɗai ya ƙi cebur ya ɗauki kyamara. A shekararsu ta farko ya tare ta a baranda, bai ko gaishe ta ba.

"Kin kalli fim ɗin nan da wata mata ke fentin jirgin ruwan mijinta kullum, shi kuwa ba ya dawowa?"

"Ni na san ka ne?"

"Ki kalla. Gobe kya san ni."

Ta kalla. Washegari ta ce masa, "Finafinanka duk ba a magana. Ana zaune ana kallon taga, ruwa na zuba."

"Amma kin yi kuka."

"Barci na yi."

Ba ya zaɓar wa mutum fim haka kawai. Fuska yake duba tukuna. Ranar da kewar gida ta kama ta, ya ba ta na wasu 'yan'uwa da suka yi doguwar tafiya da tsohuwar babbar mota don su kai wa uwarsu firji. Ranar da malama ta yaga aikinta a gaban aji, ya ba ta na dariya. Ita kuma ta dinga ɗora masa finafinan dawakai da kakanta ke so, ya kalle su duka bai yi ƙorafi ba. Yana kiranta Darakta. Tana kiransa Ɗan Girka. Kafin shekara ta ƙare kowa a makarantar ya sani, har Bronte, wadda ta riga Delvene zama kusa da shi a aji.

Da aikin kammala karatu ya zo, Delvene ta ce kakanta za ta ɗauka, tsohon makiyayin da ya kora shanu a kan doki tun yana yaro. Ita ce darakta, Manoli ke kyamara da tacewa. Suka yi kudu, can gida a bakin hamada. Tsoho ya so yaron. Da hannunsa ya ɓare masa jelar kangaru mai zafi daga cikin toka, yana masa dariya don ya ƙona yatsu.

Suna cikin tacewa aka bugo waya aka ce Tsoho ya tafi.

Bayan abin da ya faru a ɗakin kallo, Delvene ta kasa zama wuri ɗaya. Lokacin ne da zafi ke taruwa kafin damina. Kullum da rana hadari ya haɗo baƙi ƙirin a kan teku, ya yi ta gurnani, ya watse bai zubar ba. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta kunna fanka, ta kashe. Wayarta ta yi ta ƙara a kan katifa, ta kifa ta.

A masaukin majinyata Gwaggo tana kwance da auduga a ido ɗaya.

"Zauna, 'yar nan. Kina sa ni jiri."

"Gwaggo, bai sani ba ne."

"Ya tambaya?"

Gwaggo ta ɗago kai daga matashi.

"Ya ci abinci a hannun ubana. Uwarki ta dafa masa shayi, sun zauna suna hira kamar ɗanta. Baki gare shi. Me ya hana shi tambaya?"

"Ina son shi, Gwaggo."

"Na sani. Idona ne ya lalace, ba hankalina ba. Jibi za mu gida. Ki haɗa kayanki."

Ana gobe za su tafi ya same ta a kasuwar bakin teku da yamma, tana riƙe da kwanon miyar taliya da ba ta taɓa ba. Ya rame. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Darakta."

"Sunana Delvene."

"Bikin finafinan ɗalibai na Melbourne sun karɓi fim ɗin. Bronte ce ta tura tun kafin... ban sani ba, wallahi. Sun ce shi zai buɗe taron. Akwai kamfanin da zai ɗauki mai kyamarar aiki."

Ta ajiye kwanon a kan dakali. Fim ɗinta ne. Ba ta taɓa yin abin da ya kai shi ba, kuma ta san haka.

"Sai ka tafi."

"Mu tafi tare. Sunanki ne a sama."

"In tsaya a gaban baƙi kakana yana magana a kaina? Sannan in koma gida in kalli wa?"

"Shi da bakinsa ya ce a nuna wa duniya. Kina wurin."

"Yana raye ya faɗa. Yanzu maganar ba a hannunsa take ba. Tana hannun masu kuka."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Ba a sa wa abin rana."

Ya share goshinsa da bayan hannu.

"Bronte ta rantse min cewa murya ba komai..."

"Ranar da aka koya mana wannan a aji kana gida da zazzaɓi. Bronte tana gefena. Ita ta ɗaga hannu ta tambaya, murya fa? Aka ce mata murya ta fi hoto nauyi."

Manoli ya zauna a bakin dakalin.

"Amma ba ita ta ci jelar kangaru ba," in ji Delvene. "Kai ne. Ni ya kamata ka tambaya."

"Zuciyata, ki saurare ni. Akwai wani fim, wani mutum ya..."

"Kada ka zaɓar min fim yau."

Ta tafi ta bar masa kwanon.

A gida ma ba ta samu zama ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta bi mata neman itace, ta dawo da hannu wofi. An rufe gidan Tsoho, an kwashe hotunansa daga bango. Mahaifiyarta, Rosina, ta ce kada ta ƙara jin sunan yaron nan a ƙofarta. Delvene ta ce to. Duk motar da ta taso daga arewa kuma sai ta miƙe ta leƙa.

Ranar bikin Melbourne ta zo ta wuce. Ba ta duba waya ba.

Wata safiya suna zaune a bakin wuta, ita da Gwaggo da mahaifiyarta, shayi na tafasa a gwangwani, sai ga wata motar magina da tsani ɗaure a samanta, ta yi jawur da ƙura har gilashi. Karnuka suka yi kanta. Manoli ya fito. Ƙafarsa ta sage don daɗewar zama, makullin ya suɓuce masa ya faɗi a ƙasa bai ma lura ba.

Delvene ta je ta kori karnukan. Ta tsince makullin.

"Wa ya ce ka zo?"

"Ba kowa."

"Melbourne fa?"

"Ban je ba. Na janye shi. Na tsaya a kan Bronte sai da ta goge nata a gabana. Ta ce na kashe kaina da kaina."

"Aikin kuma?"

"Sun ba wani. Malama ta ce sai mun yi sabon fim kafin mu kammala."

Ya wuce ta, ya durƙusa nesa da tsofaffin. Ya ciro ma'ajiyar fim ɗin daga aljihu, wani ɗan baƙin ƙarfe kamar sabulu.

"Gwaggo, na yi laifi. Ban tambaya ba. Wannan kaɗai ya rage a duniya, babu wani. Ki shaida."

Ya miƙa hannu zai jefa shi a wuta.

Gwaggo ta kwaɗa masa sandarta a wuyan hannu. Ƙarfen ya faɗi a gefen toka. Delvene ta yi tsalle ta ɗauke.

"Kai wane irin yaro ne?" in ji Gwaggo. "Jiya ka buɗe abin da aka ce ka rufe. Yau za ka ƙona abin da aka ce ka ajiye. Har yanzu ba ka koyi tambaya ba?"

"Na ɗauka..."

"Ka daina ɗauka. Ubana ne a ciki. Akwai jikokin da ba a haifa ba, da me za su ji muryarsa?"

Ta karɓi ƙarfen daga hannun Delvene, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi tsaf, ta cusa a ƙirji.

"Zai zauna a akwatina. Ranar da muka ce a buɗe, kai za ka ɗauko majigin, ka kafa a jikin bangon can."

"Ni?"

"Akwai wani mai kyamarar a nan? An ce kai ne mai zaɓar wa mutane fim."

"Eh, Gwaggo."

"An gyara min ido. Ka zaɓar min ɗaya. Mai dawakai. Wanda babu namu a ciki."

"Akwai na wata yarinya da ta saci dokin ɗan sanda..."

"Ta mayar?"

"A'a."

"Ya yi. Zuba wa Jakamarra shayi, 'yar nan."

Delvene ta tsaya da gwangwanin a hannu. Manoli bai gane shi ake nufi ba. Amma Rosina ta gane. Ta ɗauki kofinta, ta miƙe, ta juya masa baya, ta zaga bayan gida ba ta ce uffan ba.

Ya bi ta da ido. Matar da ta taɓa zama da shi suna hira har shayi ya huce. Fuskarsa ta faɗi. Ya tashi a hankali yana kaɗe gwiwa.

"Na gane. Ba komai. Abin da na kawo na bayar." Ya shafa aljihunsa, ya duba ƙasa. "Del, kin ga makullina?"

"Me ka gane?"

"Mahaifiyarki ko kallona ba ta son yi."

"Ba za ta ƙara kallonka ba har abada. Ba za ta ƙara yi maka magana ba. In kun haɗu a shago, ɗayanku ya fita."

"To, ai shi ke nan."

Gwaggo ta tuntsire da dariya har tana tari.

"Ɗan Girka," in ji Delvene, hawaye na bin kumatunta, "shekara nawa kana bina, ba ka san sunan dangina ba?"

"Napaljarri," in ji shi.

"Napaljarri wa take aura?"

Ta amsa masa da kanta.

"Jakamarra take aura, sunan da Gwaggo ta ba ka yanzu. Kuma a nan mace ba ta haɗa ido da mijin 'yarta."

Ya dubi bayan gidan da Rosina ta shige. Ya dubi Gwaggo, tana hura shayinta. Can arewa hadari ya sake haɗowa, iska ta fara kaɗa tsanin da ke saman motar.

"Darakta... da gaske?"

"Yanzu ka fara tambaya."

Ya yi dariya. Ya sake duban hadarin.

"In ruwan nan ya sauka hanya za ta yanke. Motar kawuna ce, bai ma san na ɗauko ba. Bari in mayar masa in dawo. Ba ni makullin."

Delvene ta mayar da hannunta baya, ta damƙe.

"Ba zan ba ka ba."